Samanja da Hausar 'Ya'yanmu

Da labarin rasuwar Usman Baba Pategi ya iso mana nan Sabo a watan Nuwamban 2023, sai muka tuna dararen da muke cunkusuwa gaban talabijin ɗaya tak a layinmu don kallon Samanja Mazan Fama. In ya murza gashin baki ya kwararo Hausar bariki gauraye da Turanci, dariya har da hawaye.

Banufe ne, tsohon soja, amma wa ya taɓa cewa ba namu ba ne? Yau 'ya'yanmu haifaffun Ibadan, Hausarsu rabi Yarabanci, kullum cikin yi musu faɗa muke, har wasu sun daina buɗe baki gaban baƙi daga gida. Shi kuwa tafi muka yi masa.

Allah Ya jiƙan Samanja.