Zuwa ga Babana, kan hodar da ta shiga gem ɗinka



Da fatan karatu na tafiya daidai a Birnin Kebbi. Innarka ta ce ka bar Ambursa rai a ɓace, ko tuwon shinkafar da ta ajiye maka ba ka taɓa ba, don Auta ta zazzage wa Nintendo Switch ɗinka hodar jarirai. Ka yi mata uzuri. Ta ga ana shafa wa jinjiri, ita ma ta shafa wa abin da ta ga Yayanta na riritawa. Na duba tabarmar da abin ya faru a kai, hoda ce zalla, kuma ka ci sa'a. Da omo ne, da ya ja laima ya fara cin ƙarfen ciki.

Kada ka kunna na'urar wai don ka ga ko tana aiki. Game Boy ɗin 1989 da PSP ba su da fanka, amma Switch tun fitowarta a 2017 da 'yar fankarta a ciki: tana zuƙar iska ta kafofin baya daga ƙasa, ta fitar da zafi ta kafar sama. Kana kunnawa, da kanta za ta janye hodar da ke bakin kafa ta kai ta ciki. In allo ya yi duhu ma barci kawai take. Danne maɓallin wuta daƙiƙa 3, ka zaɓi kashewa gaba ɗaya.

Sai ka zare hannuwanta biyu, ka cire katin gem, ka riƙe ta yadda kafar da kake sharewa ke kallon ƙasa. Samo sabon buroshin haƙori mai laushi, busasshe, ka riƙa sharewa a hankali kana ɗan ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, za ka ga farin gari na sauka a cinyarka. In ka samu 'yar robar nan da masu gyaran waya da agogo ke matsawa ta hura iska, hura a karkace, kaɗan-kaɗan.

Na san halinka, baki za ka kai. Kul! Numfashi da damshi yake fita, hoda kuwa da ta ji damshi sai ta cure kamar ƙullu. Abokanka za su ce a je wurin mai faci a busa mata iskar taya. Wannan iskar za ta juya fankar fiye da ƙima ta lalata ta, ga ruwan da ke taruwa a tankinsa. Masu cewa a binne ta a buhun shinkafa kuma, mu da muke noma ta mun san garin da ke kwance a gindin buhu.

Hunturu ne ya ba ka lokaci, iska a bushe take. Damina nake ji maka. In laimar fadamar Rima ta taso ta tarar da hoda a kan siraran ƙarafan da ke fitar da zafi, za ta toshe su, na'ura ta riƙa ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta.

In ka gama, kunna ka kara kunne a kafar sama. Ka ji fanka na gurnani ko karta, kashe nan take. Kada ka sa mata wuƙa: kusoshin bayanta masu baki uku ne, sai sukudireba ta musamman, ga batirin da in aka huda shi wuta yake kamawa. Kai wa mai gyaran waya, amma ya nuna maka sukudirebar tukuna kafin ka miƙa masa, kuma ka tsaya a yi aikin a gabanka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Ambursa