Sai Wanda Ya Kwanta Ƙarƙashin Mota

Kwanan nan samari sun farga da tsofaffin motocin daji. Land Rover ɗin da aka yar a bayan gareji, kaji suna ƙwai a cikinta, ita ce yanzu ake ɗauka hoto ana sawa a Facebook. Bini-bini sai wani yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in fara sayar da kayan gyaranta, a sa mini albarka." Albarka kam ina sawa. Amma in na tambaye shi ko ya taɓa kwance ƙafar Land Rover da hannunsa, sai ya miƙo mini waya, wai duk lambobin kayan suna ciki.

Na san abin da ya taso da su. Tun watan Janairun 2016 masana'antar Solihull a Ingila ta daina ƙera tsohuwar Defender, kuma dokar Amurka ta yarda a shigar da motar da ta cika shekara 25 ba tare da wahala ba, sai kuɗin tsofaffin ya tashi a can. Ga ƙasarmu busasshiya, ƙarfen ƙarƙashin mota ba ya ruɓewa kamar a ƙasar damina da gishirin titi, bodin kuma dama na alminiyam ne tun 1948. Yaro ya ji an ambaci dala, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Bai san Baturen da zai sayi motar sau ɗaya zai zo ba. Wanda zai riƙa zuwa shagonsa kullum shi ne bakanike mai baƙar riga, da direban da ke hawa dutsen Mambila daga Serti zuwa Gembu, inda har gobe tsofaffin Land Rover ke ɗaukar mutane da buhunan masara.

Ni magana ɗaya nake da ita, ita nake maimaitawa har yaran sun gaji: wanda bai kwanta ƙarƙashin mota ba, baƙin mai ya ɗigo masa a ido, kada ya buɗe shagon safaya.

Dubi dai abin da ake kira Land Rover ɗaya. Akwai gajera mai inci 88, akwai doguwa mai inci 109, birkinsu ba ɗaya ba, domin asali gajerar gangar birkinta inci 10 ce, doguwar 11. Akwai waɗanda suka shigo kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama; su sitiyarinsu a dama yake, kayan sitiyarin ba za su hau ta hagu ba. Injin mai lita 2.25 ɗin nan da kowa ya sani, wajen 1980 aka ƙara masa mazaunin karanshaf daga uku zuwa biyar. Sandar aksul ta baya akwai mai haƙori 10, akwai mai 24. To, motar da ta yi shekara hamsin a hannun makanikanmu fa? Inji na wannan, giya ta waccan, aksul na wata da ta faɗi a hanyar Jos. Lambar da ke jikin motar ta daina faɗin gaskiya tun zamanin Shagari. Wayarka za ta gaya maka abin da aka ɗaura mata a Ingila. Abin da ke jikinta yau sai ka leƙa, ka ƙirga haƙoran da yatsa.

Haka ma kayan aiki. Toyota milimita take ci daga kai har ƙafa, ba ta da rigima. Tsohuwar Land Rover kuwa sufana iri uku take nema: ta inci, ta milimita a 'yan baya-bayan nan, da wata tsohuwar ma'auna ta Ingila da ake kira Whitworth, wadda ke ɓoye a akwatin giya da aksul. Mai shagon da bai san haka ba zai sayar wa mutum saitin sufana mai ƙyalli, ya je ya cinye kan noti, gobe ya dawo da zagi. Mu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano manyan kayan aiki ma ba sayarwa muke ba. Babbar sufanar notin ƙafa da abin zare boris aro muke bayarwa. Bakaniken da ya zo aro da safe, a wurinka zai sayi boris da sil kafin azahar.

Waɗannan motoci ba abin ado ba ne a zamaninmu. Da su D.O. ke rangadi, da su En'e ke karɓar haraji, da su malaman dabbobi suka bi Fulani ruga-ruga suna allurar bushiya. Daga baya har a Ibadan an harhaɗa su, a masana'antar Leyland. Kowane direba ya san liba mai jan kai da mai rawaya: ka danna mai rawaya ƙafa huɗu su ja, ka jawo mai ja in yashi ko taɓo ya yi yawa. In sandar baya ta karye a daji, sai a zare ta, a danna mai rawaya, a lallaɓo gida da ƙafafun gaba. Wannan ba a littafi muka koya ba.

Akwai wani direba, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, da yake aikin hanyar Mambila. Ya sayi robar birki a wani shago saboda ta fi tamu araha, kwalinta kuma sak na asali. A gangaren dutse robar ta saki. Shi ya rasu, fasinjoji suka karairaye. Mai shagon ba mugu ba ne, na san shi, a sahu ɗaya muke salla. Bai san kayan ba ne kawai. Da ya taɓa riƙe robar gaske ya matsa ta a hannu, da ya gane wadda aka kawo masa. Abin da ke ci mini rai ke nan in na ga yaro yana oda daga Dubai ko Sin bisa hoto. Mai sayar da atamfa in ya yi kuskure zani ne zai zuba. Kai kayanka daji za su shiga. Mutanen Agadas da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma a Land Cruiser sun fi kowa sanin haka; su famfon lagireto ɗaya in ya mutu tsakiyar rairayi, ba maganar asarar kuɗi ake ba. Shi ya sa ba sa ciniki da baƙon fuska, kuma ba sa neman ragi a kan abin da ya shafi ruwa da birki.

Ba wai na ce kada a sayar da na kwaikwayo ba. Talaka ba zai iya na asali kullum ba, kuma wasu kayan Nnewi da na Indiya suna aiki. Fitila, madubi, robar ƙofa, sayar da mai araha. Amma ka buɗe baki ka ce wannan na asali ne, wannan na Kwatano ne da aka ciro daga wata mota, wannan sabo ne amma ba ya daɗewa. Mutum ya zaɓa da saninsa.

Sai maganar jari. Kada ka zuba kuɗinka a kayan da ba sa tafiya. Fara da abin da mota ke ci kullum: filta, fulogi, sil, boris, takalmin birki, faifan kuloci, bushin na sifirin. Akwatin giya guda zai kwana a shagonka shekara da shekaru, kuɗinka na barci a cikinsa. Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, sunan da na yi a kasuwa ba filta ce ta ba ni shi ba. Waɗannan tarkacen masu ƙura ne, da abokai ke cewa in kai wa 'yan gwangwan. Ranar da mutum ya zagaye Fanteka ta Kaduna da Ladipo ta Ikko bai samu ba, aka ce masa je ka Kano wurin wane, ya samu, to ya zama naka har 'ya'yansa. Yadda za ka raba tsakanin tarkacen da zai yi rana da wanda ba zai yi ba, nan ma sai wanda ya san abin da ke karyewa a motar.

'Yan gwangwan ɗin nan kuwa, ba na ganin laifinsu, abinci suke nema. Laifin na magada ne. Uba ya mutu ya bar Land Cruiser ta zamanin da, irin wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, kafin a yi sadakar arba'in an sa mata wuta an yanka, an auna a sikeli. Aksul ɗinta kaɗai ya fi kuɗin da aka ba su. Kamfanin da ya ƙera ta ma ya koma yin wasu kayan gyaranta saboda masu nema, mu muna narkar da namu. Yaron da ke son wannan sana'a da gaske, can ya kamata ya riƙa kwana, ya riga wutar isa.

Ku da kuka ga abin da naira ta yi daga Yunin 2023 kuna tsammani sabon abu ne. A Satumban 1986, da gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar canji, dala ta haura naira 4 cikin ɗan lokaci. Na ga manyan 'yan kasuwa sun sayar da kaya a tsohon farashi suna murnar ciniki, da suka je sari kuɗin bai sayi rabin abin da suka fitar ba. Farashin kaya shi ne abin da za ka biya ka mayar da irinsa kan kanta, ba abin da ka saya bara ba.

Bashi kuwa, kada ka bayar. Bashi ya rufe shaguna a layinmu fiye da gobara. Sai dai bakanike ba ya samun kuɗi sai mai mota ya karɓi motarsa, in ka hana shi zai tsallaka shagon gaba, kuma shi ne malaminka, shi zai dawo ya gaya maka wane sil ne ya yi yoyo, wane ne ya riƙe. Don haka ka ba shi, amma ka rubuta, kuma kada na biyu ya fita sai na farko ya dawo.

Ɗan ƙanwata, da ya nace sai ya buɗe shagon safaya, na ce ya ajiye kuɗin hayar shagon tukuna. Na kai shi wurin wani tsohon bakanike da ya rage cikin masu gyaran Land Rover, na ce ya riƙe shi damina biyu, ya fara da wankin noti a kananzir. Uwarsa ta zo tana faɗa, wai yaro da digirinsa. Na ce, "Ki bar shi, Hajiya, ƙarfe bakwai na safe ake buɗe garejin."