Rairayin Magama Yana Da Labari

'Yan'uwana mata, ran nan na tashi daga Katsina na bi hanyar Jibiya, tafiyar wajen mil 30, har na sauka Magama, bakin iyakarmu da Nijar. Daga nan in an ƙetare sai Ɗan Isa, sa'an nan Maraɗi. Ga manyan motoci jere, ga masu tallar fura da gyaɗa. Amma ni abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ƙasar da nake takawa, jigawa ce, rairayi har ya shige mini takalmi.

Ko kun san inda rairayin nan ya fito? To, ku saurara. Wajen shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi ƙwarai, ƙanƙara ta rufe arewacin ƙasar Turai. Da ta narke, sai ta bar musu shaida. A duwatsun Alfa har yau akwai tsibin duwatsu masu ƙanƙara ɓoye a cikinsu, suna gangarowa sannu kamar kunu mai kauri, wani ma bai fi taki ɗaya a shekara ba.

Mu ƙanƙara ba ta zo mana ba, fari ne rabonmu. Ruwan sama ya ragu, hamada ta matso kudu, iska ta yi ta kwaso rairayi tana jibgewa a arewacin ƙasar Hausa. A 1958 wani masanin Ingila, A. T. Grove, ya rubuta bayanin tsofaffin tuddan rairayin nan. Da damina ta komo, ciyawa da itatuwa suka kama su da saiwa, suka kwanta. Watau gonar geron da muke ci daga gare ta tsohuwar hamada ce mai barci.

Ruwa kuma bai daina aikinsa ba. Kogin Gada da ya ratsa Jibiya shi ne yake zama Gulbin Maraɗi, ya zaga cikin Nijar, ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. Kowace damina yana yaɓe gaɓa, yana kwashe ƙasa, ba ruwansa da iyaka.

Ga inda maganar ta shafe mu. Mu ne masu hura wuta, kullum muna neman itace. In aka sare gawo da kalgo har gindi, mai barcin nan zai farka, iska ta binne shuka. Manoman Maraɗi sun gane haka, tun wajen 1984 suke barin kututture ya tofo, suna rage rassa kaɗai, gonakinsu kuwa suka sake yin inuwa.

Saboda haka uwargida, in za ki aiki yaro itace, ce masa reshe zai saro, ya bar gindi. Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta dasa ko da itace ɗaya ne a daminar bana, ta riƙa ba shi ruwan wanke-wanke.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.