Layin Kanti Da Layin Asibiti: Zagaye A Sharaɗa, Chalawa Da Bompai

 A wannan watan ba kicin za mu shiga ba, mayafinki za ki ɗauko mu fita zagaye. Kuma ba nisa za mu yi ba, cikin Kanon nan ne, wuraren da wataƙila kin sha wucewa ta gefensu a adaidaita sahu amma ba ki taɓa leƙawa ba, wato Sharaɗa da Chalawa da Bompai, inda masana'antun garin nan suke.

Idan so samu ne mu yi sammako. Da an idar da sallar asuba ki biyo ta Sharaɗa, tun gari bai gama wayewa ba za ki tarar da layi a ƙofar kamfanoni: samari, zawarawa, 'yan mata, har da masu goyon da suka bar yaran wajen kaka, kowa da ɗan ƙunshin abincinsa a leda, ana jiran a buɗe ƙofa a ɗebi na ɗiba. Da yawansu aikin yini ne, wanda bai samu shiga ba ranar sai ya juya gida. Wannan layin ba a yi masa wasa, domin abincin gida ne a cikinsa. Sharaɗar kashi 3 ce, kuma a nan ake yin da yawa daga cikin kayan da ke ɗakinki da kicin ɗinki: bokitin roba, silifa, buhu, alewar yara da sauransu.

Daga nan sai mu miƙe hanyar Fanshekara zuwa Chalawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso. Ba sai an gaya miki kin iso ba, hancinki zai gaya miki, domin nan ne matattarar kamfanonin jima, inda ake sarrafa fatun awaki da tumaki a kai su Turai. Kogin Chalawa yana nan kusa, kuma mutanen yankin sun daɗe suna kuka da ruwa mai launi da wari da ke gangarowa daga masana'antu.

Bompai kuwa ita ce babbar yayarsu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya aka kafa injinan matse mai, sai masaƙu da sauran kamfanoni suka biyo. Kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills yana nan kan titin Maimalari. Sai dai kash, za ki wuce ƙofofi da dama da kwaɗo ya yi tsatsa a jikinsu, ciyawa ta rufe harabar, wasu kuma an mai da su sito na ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, ga rashin wutar lantarki, ga atamfofin waje masu araha da suka cika Kantin Kwari, sai masaƙun suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

To a bayan waɗannan dogayen katangu akwai wasu mutane da muke zaune gari ɗaya da su amma ba mu cika sanin juna ba. Akwai 'yan Labanan, waɗanda iyayenmu ke kira Kwarori, sun haura shekara 100 a Kano, har ga titin Beirut nan shaida, wasunsu idan suna Hausa a bayan labule ba za ki ce ba 'yan cikin badala ba ne. Akwai Indiyawa, akwai 'yan Pakistan, akwai 'yan China, waɗanda yawansu ya kai har Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa musu wakili a 2019. Mu dai duk Turawa muke ce musu, kuma muna ɗauka duk masu kuɗi ne. Ba haka ba ne. Akwai mai kamfani, akwai kuma wanda aka ɗauko kwantiragin shekara 2 don ya kula da inji, yana kwana a ɗaki ɗaya cikin harabar kamfanin, albashinsa yana tafiya gida wajen iyaye da ƙanne, kamar dai yadda namu suke yi a Jidda.

Inda kafaɗarmu ke gogar tasu shi ne babban kanti, musamman da yamma ko ranar Lahadi. A da iyayenmu Kingsway da Leventis da Chellarams suka sani. Yanzu ga su Sahad da Jifatu da Wellcare, an kuma yi Shoprite a Ado Bayero Mall daga 2014 har ta rufe a Janairun 2024. A irin waɗannan wurare babu tayi babu ragi, babu "Alhaji nawa za ka sallama", kuɗin kowane abu yana manne a jikinsa, kowa kuma zai ƙare a wuri ɗaya, gaban mai karɓar kuɗi.

Nan fa ake ganin hali. Ki tsaya ki lura na minti 10 kawai. Ga wadda ta ajiye kwandonta a layi ya kama mata wuri, ta koma ɗauko man girki da sabulu, ta dawo tana mamakin an wuce kwandon. Ga wadda ta tsayar da 'yar aikinta da biredi ɗaya a hannu, sai da aka zo kanta uwar ɗakin ta turo keken kaya cike taf. Ga Hajiya da gwala-gwalai har gwiwar hannu, ko kallon layin ba ta yi ba, ta miƙa kayanta ta saman kafaɗar mutane tana cewa sauri take yi, kai ka ce sauran zaman hira suka zo. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma aka ƙaro wani sabon salo, mai taransifa da ba ta buɗe wayarta sai an gama lissafi, a tsaya jiran saƙo ya shiga, mutum 8 a bayanta suna hamma.

Ni a ganina alfarma ba laifi ba ce, tana ma daga cikin kyawawan al'adunmu. Tsohuwa, mai tsohon ciki, mai goyon da ke tsala kuka, wanda ya riƙo ruwan sha kwalba ɗaya, duk ya kamata a ce musu bisimilla. Amma alfarma roƙonta ake yi, kuma wajen masu haƙƙi ake roƙo, wato waɗanda ke tsaye, ba wajen yarinyar da ke kan na'ura ba, wadda ba ta da bakin hana Hajiya. Lokacin mutanen da kika tsallake nasu ne, in kika ɗauka ba da yardarsu ba kin ci haƙƙi, ko da kuwa minti 3 ne. "Don Allah ku yi mini alfarma, na bar yaro a mota" ba ta rage miki komai, kuma da wuya Bakano ya ce a'a.

Baƙin ma ba duka ne waliyyai ba. Akwai mai tsayawa shiru da kwandonsa ana ta wuce shi saboda bai san me zai ce ba, akwai kuma wanda ya saba ma'aikaci ya hango farar fata ya taso da rawar jiki ya buɗe masa wata na'urar, a bar 'yan gari a tsaye. Wannan ma tsallake layi ne, kuma ya fi ciwo, tunda mu muke yi wa kanmu.

Amma uwargida, akwai wani layin da farar fata ba ta cika amfani a cikinsa ba, kuma saboda shi na ɗauko ki wannan zagayen. Layin asibiti.

Kin san yadda jinya take a wurinmu. Likita zai duba, nas za ta yi allura ta sa ruwa, amma sauran aikin duk na mai jinya ne. Ita za ta bi layin kati, ta bi layin biyan kuɗi, ta kai jini ɗakin gwaji ta koma karɓo sakamako, ta bi layin magani, in babu ta fita waje ta sayo. Ita ce wanka, ita ce kai wa banɗaki, ita ce kunu da asuba. In an ce ƙarin jini, sai dangi su kawo wanda za a ɗiba. Mu ba ma jin nauyin wannan sosai, domin kafin a ce kwabo 'yan uwa sun cika baranda da tabarmi da kuloli, har nas ta gaji da kora. Shi kuwa wanda uwarsa da 'yan uwansa ke bayan teku, wa zai tsaya masa?

Ga shi kuma cutar da muka raina ita ta fi kayar da su. Zazzaɓin cizon sauro, wanda babba a cikinmu zai sha magani ya tashi bayan kwana 3, saboda jikinmu ya saba da shi tun yarinta, shi baƙon da ya taso inda babu irin namu ba shi da wannan sabon. Cikin 'yan kwanaki yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda, mutum ya fita hayyacinsa, sai an kwantar an yi ta allurar artesunate. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya, kuma a Kano daga tsakiyar damina zuwa kaka abin ya fi ƙamari. (Wannan ya shafi 'ya'yanmu da suka daɗe karatu a Ingila ko Malesiya, domin sabon yana raguwa. In sun zo hutu suka yi zazzaɓi a kai su gwaji ranar, kada a tsaya ana ba su Panadol.)

Na ga irin wannan da idona lokacin da nake jinyar gwaggona a wani asibiti. Aka kawo wata Ba'indiya gadon da ke kusa da namu, matar wani mai gyaran inji a ɗaya daga cikin kamfanonin nan, ba ta jin Hausa, Turancin ma kaɗan. Mijin ya biya duk abin da aka ce ya biya, amma ɗakin mata ne, da dare dole ya fita, da safe kuma inji na jiransa. Takardar magani ta yini a kan gadonta ba wanda ya ɗauka. Wata dattijuwa 'yar Dawakin Kudu da ke jinyar 'yarta ce ta fara tashi, ba ta ce da kowa komai ba, ta haɗa takardar da tata ta tafi layi. Da dare ita ta riƙe ta zuwa banɗaki, hannu ɗaya a ƙugunta, ɗaya ɗauke da ledar ƙarin ruwa. Washegari wata ta kawo mata farfesun kaza ta kau da kai, har an fara gunaguni wai ƙyamarmu take yi, sai da mijin ya zo ya yi bayani cewa su a addininsu ba sa cin nama ko kaɗan. Daga ranar sai kunun gyaɗa da shinkafa da wake, tana kuwa shanyewa tas. Jinin da aka ƙara mata direban kamfanin ne ya bayar.

Za ki ce ai masu kuɗinsu jirgi suke hawa su tafi Beirut ko Dubai. Gaskiya ne, in ciwon ya ba da lokaci. Amma wanda ya suma ba ya hawa jirgin fasinja, kuma mun ga shekarar 2020, lokacin korona, da aka rufe filayen jiragen sama ga jiragen waje tun watan Maris, mai kamfani da lebura duk asibitocin garin nan suka dogara da su, na Malam Aminu Kano da na Nasarawa da na Murtala da masu zaman kansu.

In kina son ki ji yadda abin yake a jiki, tambayi duk wadda ta taɓa kai miji ko uwa Alƙahira ko Delhi neman magani. Za ta ba ki labarin tafintan da ake biya kafin ya buɗe baki, da abincin da ya ƙi shiga, da daren da likita ya yi dogon bayani ba ta fahimci komai ba sai yanayin fuskarsa. Gwamnatin Indiya har biza ta musamman take bai wa masu rakiyar marar lafiya, mutum 2, don ta san magani kaɗai ba ya jinya. Waɗanda suka dawo daga can ba sa mantawa da wanda ya nuna musu hanyar ɗakin gwaji, ko ya matsa musu a layi.

Kada kuma bambancin addini ya sa ki ja baya. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Kuma baƙo ba sai mai farar fata ba. A ɗakunan nan za ki tarar da 'yar Damagaram da ciwo ya kama a hanyar fatauci, da 'yar Inugu da ke aiki a kamfanin roba a Sharaɗa, danginta sai an kwana an yini a mota kafin su iso.

Saboda haka in kin je dubiya, kafin ki shimfiɗa tabarma ki ɗan waiga gadajen da ke gefe. Wanda babu kula babu fulas a ƙarƙashinsa, babu ko takalmin mai jinya, shi ne. Ba sai kin iya yarenta ba, sannu da hannu ma ana yi. In za ki layin magani ki tambaya ko tana da takarda, in za ki zuba mata abinci ki fara tambayar nas ko likita ya yarda ta ci, sannan ki tambaye ta abin da ba ta ci.