Gizo, Ƙoƙi da Kundin Masana Ƙwari

Duk wanda ya tashi a birnin Sakkwato ya san Gizo da Ƙoƙi tun kafin ya san baƙi da wasali. Gizo shi ne makiri mai tsamin baki, Ƙoƙi kuwa matarsa ce mai haƙuri da halinsa. Tatsuniyoyinsu ba su tsaya a bakin kakanni kaɗai ba, domin Frank Edgar ya buga da yawa daga cikinsu a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, bayan malaman ƙasar nan sun rubuta su da ajami. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai cewa masana kimiyya, waɗanda nake ganin kamar ba su san raha ba, su ma 'yan tatsuniya ne idan aka zo raɗa wa ƙwari suna.

A shekarar 1758 ne wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya daidaita tsarin bai wa kowace dabba suna biyu, wato sunan gida da sunan yanka. Da ya zo kan wata daga cikin dangin ƙoƙi, sai ya kira ta Mantis religiosa. Kalmar farko ta Girkanci ce, ma'anarta mai faɗin gaibu, ta biyu kuwa ta Latin ce, wato mai addini, saboda yadda take ɗaga hannuwa kamar mai addu'a. To, ashe Gizo malama yake aure! Sai dai masana sun lura cewa wannan malama takan cinye mijinta wani lokaci wajen barbara. Da labarin ya kai kunnen Gizo, lalle da ya rage zalama. Shi kansa kuma masana sun fitar da shi daga cikin ƙwari na ainihi, domin su ƙafa shida gare su, shi kuwa takwas, don haka suka haɗa shi dangi da kunama.

Bugu da ƙari, akwai halittun da aka ɗauko sunansu kai tsaye daga littattafan yara. A 1896 wasu masana biyu na Amurka, miji da mata, George da Elizabeth Peckham, suka raɗa wa wani ɗan gizo suna Bagheera kiplingi, daga sunan baƙar damisar da ke cikin labarin Rudyard Kipling. Abin dariya, a 2009 aka bayyana cewa wannan damisa yawancin abincinta daga jikin itace take samu. Haka kuma masu ziyartar gidan adana halittu na Balin, a Jamus, sun jefa ƙuri'a, a 2014 kuma aka sa wa wani zanzaro na ƙasar Tailan suna Ampulex dementor, daga dodannin labarin Harry Potter masu zuƙe ruhin mutum, saboda danginsa sukan harbi kyankyaso su kashe masa jiki, su ja shi zuwa raminsu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Anansi, takwaran Gizo a tatsuniyoyin Akan na Gana. A 2017 aka bai wa wata zuriyar gizo ta Afirka sunansa, daga dangin da ke farautar 'yan'uwansu da yaudara. Suna ya dace da mai shi. Yanzu duk masanin da ya buɗe kundi, ko a Sin ko a Birazil, tilas ya ambaci Anansi.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen wannan hikima. Wanda ya fara kiran wani ƙwaro malam-buɗe-littafi ya dubi fukafukansa da idon basira, ya haɗa nazari da raha a kalma guda. Abin tsoro shi ne, yaran da suka tashi ba su ji tatsuniya ba, ko sun zama masana, ba za su sami abin da za su raɗa ba sai sunan dodannin wasu.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwanmu masu nazarin halittu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, idan Allah ya sa suka gano baƙon ƙwaro a fadamar Gulbin Rima, su tuna da Gizo da Ƙoƙi. Mu kuwa na sashen Hausa, aikinmu shi ne mu tabbatar cewa ran nan za a sami yaron da zai ji sunan ya yi dariya.