Abin da ke aljihunmu idan an tashi koyon waƙa



Wata Alhamis a farkon damina muka tashi koyon waƙa wajen ƙarfe takwas da rabi na dare. An ɗauke wuta tun la'asar, ga hadari ya rufe wata. Kamar yadda muka saba, kowa ya zaro wayarsa ya kunna tocilarta, muka yi sallama a ƙofar majami'a. Wata 'yar'uwarmu mai jan waƙa ta bi lungun bayan makarantar firamare, hanyar da take bi tun tana makarantar Lahadi. Ba ta yi nisa ba wani ya fito daga gefen kwalbati, ya buge mata hannu da itace, ya fizge wayar, ya shige duhu. Ba ta ga fuskarsa ba, domin hasken waya ba ya wuce 'yan taku a gaban mutum. Shi kuwa ya hango ta tun daga nesa, ya kuma san ainihin abin da ke hannunta.

Hannun ya warke cikin mako biyu. Abin da ya biyo baya ne ya fi daɗewa. Iyaye suka hana 'yan mata fitowa da dare, ba kuwa mai ganin laifinsu. Koyon waƙa ya zama na maza zalla, ranar Lahadi kuma bencin mata ya zama wayam.

Da muka zauna taron zumunta, zukata sun yi zafi. Wasu suka ce kowa ya riƙa soke wuƙa a ƙugu. Wasu suka ce a ajiye adduna a bayan ofishin fasto. Gaskiyar da ba mu furta ba a ranar ita ce, yawancinmu mun fi marmarin kama yaron nan mu koya masa hankali fiye da raka 'yan'uwanmu gida lafiya. Wani dattijon ikkilisiya da ya yi shekaru yana gadin dare kafin ya huta yana zaune a baya yana jinmu. Da muka gama hayaniya ya ce, “'Ya'yana, a cikinku wa ya taɓa ganin wanda aka daɓa wa wuƙa?” Muka yi shiru. Wani ya ce, “To Baba, mu zuba ido a yi ta ƙwace mana ke nan?” Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wata 'yar tocila baƙa, duk fentinta ya goge, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ya ce a duk shekarun gadinsa wannan da usur suka fi gora yi masa aiki, domin ɓarawo ba ya son a ga fuskarsa, ba ya kuma son a tara masa jama'a. Ya ƙara da cewa wuƙa a hannun yaro mai fushi takan kai shi ɗayan wuri biyu, asibiti ko ofishin 'yan sanda, wani lokaci ma a ƙwace ta a yi amfani da ita a kansa.

Ba mu gamsu nan take ba, amma muka yarda a gwada. Muka haɗa kuɗi, aka aiki mutum biyu kasuwa. Suka dawo da manyan tociloli na roba masu sheƙi, an rubuta dubban ɗaruruwan lumen a kwalinsu, kansu na ja gaba da baya don a ƙanƙance haske ko a faɗaɗa shi. Daren farko muka yi ta haska bishiyoyi muna murna. Kafin ƙarshen wata, ɗaya ta faɗi a kan siminti ta tsage, biyu ruwan sama ya shige su, sauran kuma in an yi caji ba sa kai rabin awa. Mafi muni, girmansu ya sa ba mai son ɗauka, sai a manta su a gida. Araha ba ta ado. Kuɗin zumunta ne muka zubar, sai da muka tsaya gaban 'yan'uwa muka amsa cewa mun yi gaggawa.

Karo na biyu muka zauna da Baba da wani ɗan'uwa mai gyaran lantarki, muka koyi abin da ya kamata mu sani tun farko.

Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da tocila ke fitarwa. Don tafiya a hanya, lumen 100 zuwa 300 ya wadatar. Don neman makulli ko karanta takardar waƙa, lumen 10 zuwa 20 ma ya isa, batir kuma zai daɗe. Don kashe wa mutum ido na ɗan lokaci a cikin duhu, ana son wadda za ta kai lumen 500 zuwa 1,000, mai tattara haske a tsakiya. Ƙaramar tocila ba ta iya riƙe babban haskenta da daɗewa, domin takan yi zafi, masu kyau ma sukan rage hasken da kansu bayan 'yan mintoci. Saboda haka tocilar aljihu da aka rubuta mata lumen 100,000, ƙarya ce aka buga a kwali.

Sai batir. Akwai masu cin batir AA, wanda ake samu a kowane teburin unguwa, sai dai haskensu bai kai na masu batirin litiyam ba, kuma irin wanda ba a cajinsa in ya daɗe a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen tocilar. Akwai masu batirin litiyam da ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Ana cajinsa sau ɗaruruwa. Na gaskiya ƙarfinsa ba ya wuce wajen 3,500 mAh, don haka wanda aka rubuta wa 9,900 mAh jabu ne, irinsa ne kuwa muka tarar a cikin tocilolinmu na farko. Ba a barin batirin litiyam a rana, ba a kuma jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makullai ko tsabar kuɗi, domin in ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu yana iya yin zafi har ya kama wuta. Mu mun zaɓi wadda ake cajinta da igiyar cajin waya, saboda ko ba wuta ana iya kai ta wurin masu caji ko a jona ta da sola.

Jikinta ya zama na alminiyam, ba roba ba, da zoben roba a wurin murfi don tare ruwa. Ana rubuta ƙarfin jure ruwa da alamar IPX. IPX4 na jure feshin ruwa, kamar yayyafi. IPX7 na jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. A ƙasar da damina ke kama mutum a hanya ba sallama, gara a nemi ta biyun. Masu kan da ke ja gaba da baya kuwa, ta nan ƙura da ruwa ke shiga.

Abin da Baba ya fi nanatawa shi ne maɓalli. Ya ce a nemi wadda maɓallinta ke gindi, inda babban yatsa zai same shi ba lalube, wadda kuma dannawa ɗaya ke kawo babban haske. Tocilar da sai an danna sau biyar, ta yi ƙarami, ta yi walƙiya, ta yi ja, kafin ta ba da abin da ake so, ba ta da amfani a lokacin da hannu ke rawa. Tsawonta kuma kada ya wuce santimita 12 zuwa 14, ta shiga aljihun wando ko ƙaramar jakar hannu, domin tocilar da ta rage a gida ba ta tsare kowa. Ya hana mu sayen masu haƙora a baki da masu jan mutum da lantarki. Masu haƙora na yaga aljihu, a shingen bincike kuma ana iya ɗaukarsu makami. Masu lantarki kuwa sai ka matsa jikin mutum kafin su yi aiki, alhali duk dabarar ita ce kada a bari ya matso.

Da aka sayo, Baba ya tara mu a filin majami'a bayan faɗuwar rana ya koya mana riƙo. Waya ta zauna a aljihu, tocila a hannu tun kafin a fita ƙofa. A yi tafiya da matsakaicin haske a ƙasa, ana ɗaga shi lokaci lokaci zuwa kwana, gindin bishiya, bakin kwalbati da kangon gini, tun ana nesa da su. Idon mutum na ɗaukar wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, wanda ya laɓe kuwa idonsa ya riga ya saba, shi ya sa babban haske a fuska ke rikita shi. Amma rikicewar ta 'yan daƙiƙu ce. A cikinsu ake ihu, a kira sunan mai gidan da ke kusa, a kauce gefe, a ruga inda mutane suke. Baba ya ce in mutum ya riga ya iso da makami yana neman waya, a ba shi. Ya sa muka maimaita wannan da bakinmu, musamman samari. Ana sake sayen waya.

Ya kuma koya mana ladabin tocila, abin da ba mu taɓa tunani a kai ba. Ba a haska fuskar dattijo ko maƙwabci don a gane shi, ana haska ƙasa a yi gaisuwa. Ba a haska idon mai babur ko direba. In an zo wurin jami'an tsaro ko 'yan sintiri, a mai da hasken ƙasa, a yi magana tun daga nesa, a bar hannuwa a fili. Haske a fuskar mai bindiga cikin dare na iya jawo abin da ba a so.

Muka raba kanmu bisa unguwanni, ba mai tafiya shi kaɗai, kowace ƙungiya da tocila biyu da usur, ɗaya a gaba ɗaya a baya, sai an ga 'yar'uwa ta shiga gida an rufe ƙofa kafin a wuce. Muka je gida gida muka bayyana wa iyaye. Wata mama ta karɓi tocilar ta jujjuya ta, ta ce, “Wannan 'yar abar ce za ta tsare mini 'ya?” Muka ce, “Mama, ita da mu shida, da ikon Ubangiji.” Ta yi dariya, ta ce za ta gani.

Abin da tocilar ta fara tsare mu daga gare shi ba ɓarawo ba ne. Wani dare bayan ruwan sama, na gaba ya tsaya cak ya ce kowa ya ja baya. Kububuwa ce kwance a tsakiyar 'yar hanyar, launinta ya saje da ƙasa, taku kaɗan daga ƙafar yarinyar da ke sanye da silifa. Duk wanda ya san dalilin da ya sa ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe ya san abin da muka tsallake. Da hasken waya ne, da sai an taka ta. Wani daren kuma mun hango mutum tsaye a bakin kwalbatin nan. Muka haska shi daga nesa, muka yi masa sannu da ƙarfi. Ya kare fuskarsa da hannu ya juya ya tafi. Ko shi ne, ko wani ne mai jiran abokinsa, ba wanda ya bi shi, ba kuma wanda ya taɓa shi.

Daga baya ne muka ga abin da Baba ya raba mu da shi. A Yohanna 18, waɗanda suka zo kama Yesu a lambu suna ɗauke da fitilu da makamai, Bitrus kuma ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, Ubangiji ya sa shi ya mai da takobin kube. Bitrus ƙauna ce ta motsa shi, kamar yadda ƙaunar 'yar'uwarmu ta motsa mu, amma da an bar mu da shawararmu ta farko, da wataƙila yau wani ɗan zumunta na tsare, wata uwa kuma a unguwar nan tana makoki. A Nehemiya 4 kuwa mutanen sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. Ba su ɗauki ɗayan ya hana ɗayan ba. Mun koyi cewa tsare rai wajibi ne, ramuwa kuma ba tamu ba ce, a cikin duhu kuwa su biyun sukan yi kama da juna ƙwarai in zuciya ta yi zafi.

Saura abu ɗaya da muke yawan faɗuwa a kai, wato caji. Sau biyu muna fitowa mu tarar tocilar gaba ta mutu saboda wanda aka ba ajiya ya yi kallon ƙwallo ya manta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu kowace Laraba da yamma sakataren zumunta na tura saƙo a duba batir, mukan kuma tsokani juna da labarin 'yan mata goma na Matiyu 25, waɗanda biyar cikinsu suka fito da fitila ba man ƙari.

'Yar'uwarmu ta dawo koyon waƙa. Daren farko ta roƙi a bi ta doguwar hanya, muka bi. Bayan 'yan makonni ita da kanta ta ce a bi ta lungun makaranta, ta karɓi tocilar gaba ta riƙe. Muna roƙonku ku sa yaron da ya buge ta cikin addu'a, ku kuma sa mu, Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu, ya tsare hannuwanmu daga jini. In zumuntarku na tashi da dare, ku duba wa ke tafiya gida shi kaɗai a wannan mako. Amin.