Ranar da muka biya kuɗi aka nuna mamu Kwatano

Tun da muka dawo daga Kwatano ake tare ni a hanya, a gidan biki, har a bakin famfo, kuma tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne kun ɗauki kuɗi kun ba wani yaro don kawai ya zagaya da ku gari? Da gaske ne. Gara in rubuta a nan, mai iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, ni kuma in huta da maimaici.

Mu bakwai muka tafi, wakilan ƙungiyoyi huɗu na unguwarmu a Maraɗi. Sari ya kai mu: atamfa, bosho, takalman yara. Kowace ƙungiya ta haɗa kuɗinta ta damƙa ma wakilanta, an rubuta a littafi, an dangwala hannu. Hanyar ba sai na ja ta ba: Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, muka haye gada muka faɗa Malanbil, daga nan kuma sama da kilomita 700 ta Kandi da Paraku kafin a ji warin teku. Ƙafafunmu sun kumbura kamar tulu. Sauƙin da ke akwai, kuɗinsu sefa ne irin namu, babu ruwanki da ɗan canji.

A Zongo muka sauka, inda Hausa da Zabarmanci ke tashi ta ko'ina kamar ba ki bar gida ba. Kwana uku muka yi muna sari a Tokpa da Misebo. Cikin kwana ukun nan abin da na gani na Kwatano bai wuce bayan ɗan dako da ƙugun da na ɗaure kuɗin mutane ba. Da muka gama ɗaure kaya sai aka ce motar ba za ta tashi ba sai jibi. Yini guda ya faɗo mamu a hannu.

Matar da ta sauke mu ce ta kawo maganar ɗan ƙanenta. Aikinshi ke nan, yana ɗaukar baƙi kaɗan-kaɗan, biyar ko bakwai, ya nuna masu gari. Haifaffen Zongo ne, yana jin Hausa da Faransanci da Fon, harshen mutanen wurin. Ya ce jikka biyar-biyar, da mota da man mota da ladanshi.

Hajiya, ma'ajin babbar ƙungiyarmu, ta ce allambaram. "Shugaba, sari munka zo ko kallo? In munka koma mi za mu ce ma mata?" Ban ga laifinta ba. Jikka biyar ribar ƙuli-ƙulina ce ta kwanaki, kuma na san bakin mutanen unguwarmu. Sai na ce mata ko dala ɗaya ta asusu ba za a taɓa ba, kowa ta ciro daga lalitarta, wadda ba ta so ta zauna. Da asuba muna shiga Hiyas sai ga Hajiya da mayafinta. Wai ba za ta bari a sayar da mu ba tana kwance.

Yaron ya ce a fara da Ganbiye tun rana ba ta yi zafi ba. Garin yana cikin tabkin Nokuwe, a arewacin birni, sai an je Kalabi ake shiga jirgi. A hanya muka yi ta kutsawa cikin ƴan kabu-kabu masu riga ruwan ɗorawa, sun fi fara yawa. Can zemijan ake ce masu, wato ɗauke ni da sauri.

A bakin ruwa aka yi rigimar farko. Ashe kuɗin jirgi dabam ne, ana yankar tikiti a wurin, ba ya cikin jikka biyar ɗinmu. Yaron ya ce ya ɗauka mun sani. Hajiya ta dube ni, ba ta ce uffan ba, kuma da ta yi magana da ya fi mani sauƙi. Laifina ne. Ni da nake koya ma mata kada su dangwala hannu a takardar da ba a karanta masu ba, ni ce na yi ciniki ban tambayi abin da ke ciki ba. Muka ƙara kuɗi, muka shiga, kowa na salati.

Abin da ke gaba ya mantar da ni haushin. Gari ne sosai, na dubban mutane, amma kowane ɗaki a kan turaku yake tsaye cikin ruwa. Ga masallaci, ga coci, ga lakwal, ga shago. Titi ruwa ne. Yarinyar da a Maraɗi sai dai a aike ta sayen magi, nan ita kaɗai ke tuƙa kwalekwale tana tafiya abinta. Cikin tabkin an kakkafa rassan itace kamar shingen gona, kifi na taruwa a ciki yana ƙiba, kuma kowane shinge da mai shi. Yaron ya ce kakanninsu, Tofinu, sun gudo cikin ruwa ne don tsira daga mayaƙan Dahome masu kama bayi, tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Aka daina kamun bayi, su kuma suka zauna.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne layin jirage cike da jarkoki da durom. Ruwan tabkin yana da gishiri-gishiri, ba ya shayuwa. Suna kwana a kan ruwa, suna tashi a kan ruwa, amma sai mace ta yi tuƙi ta je famfo ta bi layi ta ɗebo na sha, kamar dai mu a watan bazara.

Tun kafin mu isa ya gargaɗe mu kada a ɗaga salula a fuskar kowa. Matan wurin sun gaji da masu ɗaukar su hoto kamar dabbobin daji, da sun ga baƙo sai su sauke malfa su rufe fuska. Mun ji maganarshi. Wataƙila shi ya sa wata mai kifi, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ta matso da jirginta ta riƙe namu. Ta tambaye shi daga ina waɗannan masu lulluɓi. Da ya ce Nijar sai ta yi dariya ta ce ƙasar albasa.

Nan ne kuɗinmu ya fara fita. Da mu kaɗai ne, da sai dai mu yi ma juna murmushi mu wuce. Amma ga mai juya magana a tsakani, sai hira ta ɓalle. Ta ce maza ke kamu, mata ke saye su kai kasuwa, kuma ko mijinta ne ba ta karɓar kifi kyauta, ciniki suke yi. Na tambaye ta ina take aje riba. Ta zaro wani kati daga cikin leda, an zana mashi gidaje 31. Akwai mai zagayawa kullum yana karɓar abin da ta ɗaukar ma kanta, ya sa alama a gida ɗaya. Wata ya ƙare ya maido mata kuɗinta, ya riƙe zubin kwana guda ladanshi. Wato ita ke biya don a aje mata.

Hajiya da ta yi shiru tun bakin ruwa sai ga ta ta gyara zama. "Yaro, tambaye ta, in mutumen ya gudu fa?" Matar ta ɗaga kafaɗa, ta ce yana faruwa. Ta ce uwarta ma ta yi asara mai yawa a 2010, lokacin da wani kamfani mai alkawarin riba ninki-ba-ninki ya rushe da kuɗin mutanen ƙasar. Hajiya ta shiga yi mata bayanin akwatinmu, kwaɗo uku, mabuɗi uku a hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Matar ta saurara, sai ta jefo tambayar da har yau nake juyawa: to in kina son kuɗinki ranar Talata, taron kuma sai Juma'a? Ita kifi ba ya jiran Juma'a. Hajiya ta buɗe baki ta rufe. Muka sayi kifinta mai ƙyau busasshe, ta ƙara mamu gyara.

Bayan azahar ya kai mu gefen tashar jiragen ruwa. Ba a shiga sai da takarda, daga titi muka tsaya. An tara kwantena bisa kwantena kamar gidajen sama, ga wasu dogayen ƙarafa na ɗauko su daga cikin jirgi kamar ana ɗaukar kwalin ashana. Tun 1965 tashar ke aiki. Ga manyan motoci a jere, da yawansu da lambar Nijar, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi suna shan shayi. Yaron ya lissafa mamu hannuwan da dila ɗaya ta bosho ke bi: mai jirgi, mai fitar da kaya, kuɗin ajiya in ta daɗe a tasha, duwan, mai mota, sannan shingayen hanya. Akwai reluwe daga Kwatano, kilomita 438, amma a Paraku ta tsaya, ba ta taɓa isowa ƙasarmu ba. Shekara nawa ina zagin dillalin Maraɗi a kan tsada. Ban ce na wanke shi duka ba, amma na rage.

Kusa da nan, daura da fadar shugaban ƙasa, aka kafa mutum-mutumin wata mace, tsawon mita 30, bindiga a hannu ɗaya, takobi a ɗayan. A watan Yulin 2022 aka buɗe shi, don tunawa da rundunar mata ta sarakunan Dahome, waɗanda suka gwabza da sojan Faransa a 1890 da 1892. Hajiya ta ce ita ba ta hoto da gunki, ta koma inuwa. Ni na tuna Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tare Turawa a 1899, ga shi mun biyo ta ƙasar Arewa a hanyarmu ba wanda ya ko ambace ta a mota. Sai wani abu ya faɗo mani, na ce: "Ɗana, ba sojan Dahomen nan ba ne ka ce sun kori mutanen Ganbiye cikin ruwa?" Ya ɗan yi jim, ya ce: "Su ne, Inna. Har da matan." Na ji daɗi da bai yi mani kwana-kwana ba. Jarumar wani gari dodon wani gari ce, kuma tsakaninsu tafiyar safiya ɗaya.

Daga nan ya ɓata rawarshi da tsalle. Ya tsayar da mota ƙofar wani shago na sassaƙe-sassaƙe da duwatsun wuya, irin na Turawa, ya ce mu shiga mu sha iska. Kusan rabin awa mai shago na bin mu da kaya, farashi kuwa ba a magana. Na ja shi gefe na ce: "Nawa ake ba ka in mun saya?" Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Na ce mashi la'ada ba haram ba ce, mu ma ƴan kasuwa ne, amma a faɗe ta tun farko, kuma rana tana faɗuwa ba mu ga teku ba. Duk wadda za ta yi irin wannan yawo, ta zauna da mai rakiyar tun daren jiya: ina da ina za a je, kuɗin jirgi da na shiga wuri da abinci suna ciki ko babu, ina za a tsaya salla, akwai shagon da zai kai ku ko babu. A ba shi rabi, rabi sai an dawo. Kuma kada ku wuce cikin mota ɗaya, don in kun yi yawa ta baya ba ta jin komi.

Tekun kuwa, tun ba mu gan shi ba muka ji shi, kamar hadari na tasowa bai sauka ba. A Fijirose ya sauke mu, wurin itatuwan kwakwa. Na ga gulbin Maraɗi ya cika ya batse, na haye Kwara a Gaya, amma kowanne yana da tsallake. Wannan babu. Ruwa ne har inda ya haɗe da sama, ya taso ya yi tsayin mutum, ya fashe, ya ja da baya, wani ya biyo. Ƙaramarmu ta fashe da kuka, ita ma ba ta san dalili ba. Yaron ya ja layi a rairayi da ƙafarshi ya ce kada wadda ta wuce nan, ruwan wurin yana janye ƙasa daga ƙarƙashin mutum, ko gwanayen iyo yana ci.

Can gefe mutane sun fi talatin sun kama igiya ɗaya suna jan taru daga cikin teku, suna waƙa, taku ɗaya-ɗaya da baya. Mata na zaune da manyan kwanoni suna jira. Muka tsaya har tarun ya fito. Kifin bai kai yawan masu ja ba, amma aka kasa shi, kowa ya ɗauki nashi.

Wa ya tsallake layin? Hajiya. Ta ce malaminsu ya taɓa faɗa masu ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma ba za ta zo har nan ta yi da ruwan leda ba. Ta tattare zane ta duƙa. Ta kai ruwa baki ke nan ta tofar tana "wanga ai kanwa ce!" sai wani ya taso ya jiƙa ta har ƙugu, ya tafi da takalminta ɗaya. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki, ita ma tana yi. Muka yi la'asar a kan rairayi, Hajiya da zane sharkaf.

A taron farko bayan mun dawo na karanta lissafin sari dala-dala, ya cika cif. Sannan na aje gorar ruwan tekun da na ɗebo a tsakiyar tabarma, kowa ta lasa ta yamutsa fuska. Ba a tashi ba sai da Hajiya ta ɗaga hannu ta ce tana da magana: a duba yadda za a yi mace ta iya samun kuɗin gaggawa tsakanin taro da taro ba tare da an karya dokar mabuɗi uku ba. An yi musu sosai, ba a gama ba, an ɗaga zuwa Juma'a mai zuwa. Takalmin da ya rage kuma yana rataye a ɗakinta, ta hana jikokinta su yar.